Amsata ta fito 11.1 amma littafi ya ce −11.1: bambancin sifid da belositi a lissafin motsin kai-komo

Wata ɗaliba 'yar SS3 daga Daura ta turo min tambaya, ga yanda ta rubuto a taƙaice: "Malam barka da warhaka, dan Allah ina neman ƙarin haske. An bamu x = 5 sin πt, x ɗin a santimita, t a sakan, aka ce mu nemo belositi lokacin da t = 0.75. Na fara nemo x na samu 3.54, na saka a fomular v = ω√(A² − x²) na samu 11.1 cm/s, amma da na duba bayan littafi sai naga −11.1 cm/s. Littafin ne yayi kuskure ko ni? Kuma ta yaya gudu zai zama mainos, abu ai ko dai yana gudu ko yana tsaye?"

Toh ɗiyata barka kadai, Allah ya bada sa'ar jarrabawa. Littafin bai yi kuskure ba, ke ma kuma lissafinki bai karye ba, 3.54 ɗin daidai ne, 11.1 ɗin ma daidai ne. Abinda ya faru shine an tambaye ki belositi kin kawo sifid, kuma ba laifin hannunki bane, fomular da kika ɗauko ce iyakarta kenan, duk yanda kika matsa mata ba zata baki mainos ɗin nan ba dan bata san shi ba.

Maganar da kika yi cewa abu ko yana gudu ko yana tsaye gaskiya ce, amma akan sifid kike magana. Sifid shine yawan gudun kawai, santimita nawa abun ke cinyewa a sakan ɗaya, shikenan, ba ruwanshi da gabas ko yamma, shi yasa a aji ake ce maku sikela ne, mafi ƙanƙantar da zai iya zama shine sifili. Belositi kau bekta ne, gudun ne haɗe da inda aka dosa. A wasu babukan kamar na jifa, inda abu ya dosa sai an faɗe shi da kusurwa, digiri kaza daga ƙasa, amma a motsin kai-komo wanda littattafanku ke taƙaitawa da SHM abun bisa layi ɗaya yake zirga-zirga, hanya biyu ce kacal gare shi, ko ya tafi ko ya dawo. Tunda biyu ne sai aka ce ba sai an wahala da kusurwa ba, ɗaya a bashi fulos ɗayan a bashi mainos. Kenan −11.1 ba yana nufin gudun ya gaza sifili bane, yana nufin gudun 11.1 ne amma abun ya juyo, ya nufi ɓangaren da muka kira mainos.

Abin daɗin ma tambayar nan taku kina iya haɗa ta a tsakar gida ki ganta da idonki. A cikin x = 5 sin πt, A shine 5, wato iyakar nisan da abun ke kaiwa daga tsakiya, ω kuma, wato lambar da ke ninka t, shine π, dan haka lokacin zuwa da dawowa T = 2π/ω sakan 2 ne. Samu zare mai tsawon mita ɗaya, ki ɗaura mashi noti ko ɗan dutse, ki rataye a reshen bedi ko a ƙusa bisa ƙofar ɗaki yanda dutsen zai kusa taɓa ƙasa, ki bari ya natsu sannan ki ja layi da gawayi daidai ƙarƙashinshi, nan ne tsakiya, x = 0. Ki ja shi gefe santimita 5 ki saki. Zaki iske yana zuwa ya dawo cikin kusan sakan 2 cif, dalili kau fomular fendulum, wato irin wannan zaren da dutse, T = 2π√(l/g) ce, l tsawon zaren, g kuma jan da ƙasa ke yi ma abu, kuma g da yake 9.8 ya yi kusa sosai da π² da yake 9.87, sai su kusa cinye juna in zaren mita ɗaya ne. Tsawon da ke bada sakan 2 daidai wajen santimita 99.4 ne, amma a tsakar gida ba wanda zai kama ki akan wannan.

Yanzu ki ƙara wani ɗan layin a hannun dama, santimita 3.5 daga tsakiya, ki durƙusa ki sa ido. Dutsen zai ratsa layin nan yana fita zuwa dama, ya kai ƙarshe ya ɗan tsaya kamar ƙiftawar ido, sannan ya sake ratsa layin yana komawa tsakiya. Sau biyu kenan a kowane zagaye, wuri ɗaya, gudu ɗaya, amma na farko dama ya nufa na biyu hagu. In kika fara ƙirga lokaci daga sanda ya ratsa tsakiya yana tafiya dama, ratsawar farko a t = 0.25 take, ta biyu a t = 0.75, kuma ta biyun nan ita aka tambaye ku.

Af, wannan abun na zare da dutse ba ƙaramin tarihi gare shi ba. Galileo na ƙasar Italiya ya rubuta a wata wasiƙa a 1602 cewa lokacin lilon fendulum bai damu da faɗin lilon ba, daga baya Christiaan Huygens ɗan ƙasar Holan ya ɗauki wannan ya ƙera agogo mai fendulum a 1656. Sai dai maganar tana tsayawa ne in lilon ƙarami ne, namu na santimita 5 a zaren mita ɗaya bai ida digiri 3 ba dan haka lafiya lau. Lilon yara na sallah da ake cillawa har sama ana ihu, wannan ya fita daga SHM na gaskiya, kar ki ɗauki fomulolin nan ki kai mashi.

Mu koma kan fomularki, dan nan gizo ke saƙar. Daga ina ta fito? In x = A sin ωt, to belositi shine v = Aω cos ωt, waɗanda suka taɓa kalkulus sun san yanda ake fitar da shi, waɗanda basu taɓa ba su amshe shi a haka tukunna. Masu littafi sai suka ce bari mu kori t daga cikin maganar, mu samu alaƙa tsakanin v da x kai tsaye. Sai aka yi sukwayan kowanne aka yi amfani da sin² + cos² = 1, abinda ya fito shine v² = ω²(A² − x²). Ki lura da kyau, v² ne ya fito ba v ba. Kuma kin san duk lambar da aka ninka da kanta alamarta ta mutu, 11.1 sau 11.1 da −11.1 sau −11.1 duk abu ɗaya suke badawa, wajen 123. To ranar da kika zo cire sukwaya rut, lissafin ba shi da hanyar tuna wanne ne aka ninka tun farko, shi yasa cikakkar fomular take v = ±ω√(A² − x²). Alamar ± ɗin nan da ɗalibai ke zubarwa wajen kwafar allo, wasu malaman ma basu rubuta ta, ita ce take ce miki ni dai ga yawan gudun, maganar inda aka nufa ki nemo a wani wurin.

Kuma in kika yi tunani dole ne ma hakan ta kasance. Kin ba fomular wuri kawai, kin ce mata dutsen na kan santimita 3.54, ita kuma ta san dutsen na ratsa wurin sau biyu, ta ina zata san wace ratsawar kike nufi? An kori lokaci daga cikinta, kuma lokaci ne kaɗai ke bambance fita da dawowa. Ko ta hanyar makamashi aka bi nan ake ɓullowa, ½mv² = ½mω²(A² − x²), makamashin motsi da v² yake aiki dan haka shi ma sifid kawai ya sani.

Abinda nake gaya ma 'yan ajina a nan Katsina shine kafin ki taɓa kalkuleta ki duba me aka baki. In wuri aka baki, aka ce lokacin da abun ke nisan kaza daga tsakiya, to sifid zaki iya fitarwa, in an dage sai belositi to amsa biyu ce, fulos da mainos, sai fa in tambayar ta ƙara da cewa yana nufar tsakiya ko yana barinta. Misali a wannan motsin naku in aka ce x = 3 cm, √(25 − 9) = 4, sifid 4π kenan, 12.6 cm/s, belositi kuma ±12.6 cm/s. In kau lokaci aka baki kamar yanda aka yi maku, to an baki komai, ba ki da uzuri, ki tafi kai tsaye ga v = Aω cos ωt ki bar cos ɗin ya kawo alamar da kanshi.

Mu yi taku. Aω = 5π = 15.7 cm/s. ωt = 0.75π radiyan, wanda yake daidai da digiri 135. cos 135° = −0.707. Ki ninka, v = −11.1 cm/s. Layi uku an gama, ba sai kin biya ta wajen x ba ma.

Amma hanyarki ma bata ɓaci ba, gyara kaɗan take so, kuma ni ina son ɗalibi ya iya wannan gyaran dan shine ke nuna ya fahimci motsin ba haddar fomula yayi ba. Ki raba sakan 2 ɗin gida huɗu, kowane gida rabin sakan. Daga 0 zuwa 0.5 dutsen ya bar tsakiya ya nufi ƙarshen dama, belositi fulos. Daga 0.5 zuwa 1 yana dawowa tsakiya, ya nufi hagu, mainos. Daga 1 zuwa 1.5 ya wuce tsakiya yana ci gaba zuwa ƙarshen hagu, har yanzu mainos. Daga 1.5 zuwa 2 ya juyo ya nufi dama, fulos. To 0.75 a gida na biyu ya faɗo, sai ki ɗauki 11.1 ɗinki ki manna mashi mainos ki rubuta dalili a gefe. Wannan ɗan zanen na gida huɗu minti ɗaya baya ci, kuma shi zai kama ki in kalkuleta ta yaudare ki.

Tunda na ambaci kalkuleta bari in ja kunne. ωt a radiyan yake fitowa, ba digiri ba. In kika danna cos na 0.75π, wato 2.356, alhali ɗan harafin D ne a saman sikirin ɗin ba R ba, zata baki 0.999, amsarki ta zama 15.7 mai fulos, kin rasa lambar kin rasa alamar. Ko dai ki maida ta R, ko ki maida π ya zama 180 da hannu kamar yanda nayi a sama. Na biyun ya fi min kwanciyar hankali ga 'yan sakandare, dan da yawa in sun canza zuwa R mantawa suke su maida, sai su je su ɓata lissafin kusurwa a tambaya ta gaba.

Akwai wata fahimta da ta zauna ma ɗalibai a kai wadda sai an yi da gaske take fita, wai belositi mai mainos yana nufin abu na rage gudu. Sam ba haka bane. Ki koma ga dutsenki a t = 0.75, ya baro ƙarshen dama inda gudunshi ya zama sifili, yana gangarowa tsakiya inda gudun zai kai 15.7, kenan ƙara gudu yake yi alhali belositin mainos ne. A t = 0.25 kau belositi fulos ne amma rage gudu yake dan ya kusa ƙarshe. Abinda ke nuna ƙari ko ragi shine ki haɗa alamar belositi da ta akselareshan, wato yawan canjin da belositi ke yi a sakan ɗaya. A SHM a = −ω²x, wato kullum jan abun ake yi zuwa tsakiya, in yana dama ana janshi hagu, in yana hagu ana janshi dama. In alamun biyu suka zo ɗaya, duk fulos ko duk mainos, sifid na hawa. In suka saɓa sifid na sauka. A taƙaice duk sanda ya nufi tsakiya gudu na ƙaruwa, duk sanda ya bar ta yana raguwa, ko ta wane ɓangare ne. Haka kuma kar ki ce tunda x fulos ne v ma fulos ne, ga shi nan a tambayarku x = +3.54 amma v = −11.1, inda abu yake daban inda ya dosa daban.

Inda bambancin nan ya fi cin mutane shine tambayoyin "yaushe". Ɗauki motsin nan dai amma a ce an fara ƙirga lokaci daga sanda aka saki dutsen a ƙarshen dama, sai ya zama x = 5 cos πt, belositi kuma v = −5π sin πt. In aka ce yaushe ne karon farko da sifid zai kai rabin ƙololuwarshi, wato 7.85 cm/s, sai ki ce sin πt = 0.5, πt = π/6, t = 1/6 na sakan. Amma in aka ce yaushe ne karon farko da belositi zai zama +7.85 cm/s, amsar ta canza gaba ɗaya, dan a duk sakan na farko dutsen hagu yake tafiya, belositinshi mainos ne, sai ya kai ƙarshen hagu ya juyo tukunna. Nan −sin πt = 0.5, πt = 7π/6, t = 7/6 na sakan. Kalma ɗaya aka canza a tambayar amsar ta tashi daga 0.17 ta koma 1.17. A zagaye ɗaya sifid na taka 7.85 sau huɗu, a 1/6 da 5/6 da 7/6 da 11/6, shi kau belositi +7.85 sau biyu ne kawai, na ukun da na huɗun.

Daga nan zaki gane wani abu da ake tambaya a jami'a, ko ki je Umaru Musa 'Yar'adua ko Dutsin-Ma zaki haɗu da shi a fiziks na shekarar farko, cewa belositi sai bayan T yake maimaita kanshi amma sifid bayan rabin T yake maimaitawa. In kika zana giraf, na belositi igiya ce mai hawa sama ta nutse ƙasan layi, na sifid kuma ki ɗauki duk abinda ya nutse ki juyo da shi sama, sai ki ga tuddai a jere ba wanda ya sauka ƙasan layin. Makamashin motsi ma haka, sau biyu yake cika ya koma sifili a zagaye ɗaya.

Wani ɗan tarko a gefen wannan, rabin gudu ba a rabin hanya yake ba. A x = 2.5 cm, wato rabin A, sifid ɗin π√(25 − 6.25) ne, 13.6 cm/s, kusan kashi 87 cikin 100 na ƙololuwa. Sai dutsen ya kai wajen 4.33 cm sannan gudun ke sauka rabi. Mafi yawan birkin a kusa da ƙarshe ake taka shi.

Sai maganar matsakaici, wadda ita ma kullum sai ta kada mutane. Matsakaicin sifid shine duk tafiyar da aka yi a raba da lokaci, matsakaicin belositi kuma nisan da ke tsakanin inda aka tashi da inda aka tsaya ne, da alamarshi, a raba da lokaci. A zagaye ɗaya cikakke dutsenki ya yi 5 zuwa dama, 5 dawowa, 5 zuwa hagu, 5 dawowa, santimita 20 a sakan 2, matsakaicin sifid 10 cm/s, fomularshi 4A/T. Matsakaicin belositi kau sifili ne tunda inda ya tashi nan ya dawo. Abinda wasu ke yi su ɗauki sifili da 15.7 su haɗa su raba biyu su samu 7.85, wannan kuskure ne, waccan dabarar ta (u + v)/2 da 'yan uwanta irin v = u + at duk na motsin da akselareshan ɗinshi baya canzawa ne, a SHM kau kowane taku canzawa yake dan ya dogara da x. Ki aje su gefe gaba ɗaya in kin shigo wannan babin. In aka auna daidai matsakaicin sifid 2/π ne na ƙololuwa, wajen 0.64, ki gwada 15.7 sau 0.637 zaki ga 10 ta dawo.

Gwada shi a tambayarku daga t = 0 zuwa t = 0.75. Dutsen ya je 5, ya dawo baya 1.46 ya tsaya a 3.54, tafiyar duka 6.46, a raba da 0.75, matsakaicin sifid 8.6 cm/s. Amma daga inda ya tashi 3.54 kawai ya gusa, a raba da 0.75, matsakaicin belositi +4.7 cm/s. Kinga abin mamaki, matsakaicin fulos ne alhali a daidai 0.75 ɗin belositin mainos ne, kuma ba saɓani a ciki, tambayoyi biyu ne daban.

Haka in aka ce nawa ne canjin da aka samu tsakanin t = 0.25 da t = 0.75. Sifid bai canza ba, 11.1 ne da 11.1. Belositi kau ya tashi daga +11.1 ya koma −11.1, canjin −22.2 cm/s, in kika raba da rabin sakan matsakaicin akselareshan −44.4 cm/s² kenan. Wanda ya zubar da alama zai ce akselareshan sifili ne a daidai wurin da aka fi jan dutsen da ƙarfi, dan a ƙarshen nan inda sifid ya mutu a nan akselareshan ke kai ƙololuwa, ω²A, wajen 49.3 cm/s².

Ita alamar kanta mu muke zaɓarta, wannan ma ki riƙe. Ba wata doka da ta ce dama ce fulos. In wata ta zauna ta ɗaya gefen bedin tana kallon dutsen, damarki hagunta ce, zata iya samun +11.1 inda kika samu −11.1 kuma ba wadda tayi ƙarya, amma sifid dole ku haɗu a 11.1. In an baki lissafin x a tambaya to an riga an zaɓa maki, ki bi shi. In ba a baki ba, labari kawai aka bayar, to layin farko na amsarki ya zama kin faɗi inda kika ɗauka a matsayin fulos da kuma inda agogo ya fara.

Bari in nuna maki da sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke miƙewa in an ja shi ya koma in an saki, tunda shine ɗan'uwan fendulum a manhajarku, dokar Robert Hooke na Ingila da ya wallafa a 1678 ce ke aiki a nan, F = −kx, F shine ƙarfin da sifirin ke ja da shi, k kuma taurinshi. An rataye nauyin 0.2 kg a sifirin mai k = 20 N/m, aka ja shi ƙasa santimita 4 aka saki, ana neman belositi bayan sakan 0.4. ω = √(k/m) = √100 = 10 rad/s. Na ɗauki sama a matsayin fulos, agogo ya fara lokacin da nauyin ke can ƙasa, dan haka x = −4 cos 10t, v = 40 sin 10t. A t = 0.4, 10t = 4 radiyan, sin 4 = −0.757, v = −30.3 cm/s. Ma'ana ƙasa yake gangarowa da gudun 30.3. Duba da gida huɗu: T = 0.628, rabinshi 0.314, a nan ya kai can sama, 0.4 ya wuce nan kaɗan dan haka lallai saukowa yake. x a lokacin +2.61 cm ne, in kika saka a fomularki 10√(16 − 6.83) zaki samu 30.3 ɗin dai, ba alama. Da na ɗauki ƙasa a matsayin fulos da +30.3 zan samu, shi yasa a ƙarshe nake son a rubuta da baki, 30.3 cm/s zuwa ƙasa, mai duba takarda ba zai ce bai gane ba.

Ɗan gargaɗi akan ω, dan ita ma wasu littattafan belositin kusurwa suke kiranta sai ɗalibi ya ɗauka ita ce gudun dutsen. Ba ita bace. ω bata canzawa tun daga farko har ƙarshe, ma'auninta rad/s, gudun dutsen kau kowane lokaci canzawa yake, ma'auninshi m/s ko cm/s. Sunan ya samo asali ne daga da'ira, in abu na zagaya da'ira mai faɗin A daga tsakiya da gudu ɗaya, inuwarshi a bango SHM take yi, kuma ω ita ce saurin zagayawar. Shi mai zagayawar sifid ɗinshi ωA ne baya motsi, belositinshi ne ke juyawa kullum, inuwar kuma sai a tsakiya kawai take kamo wannan gudun, daga nan ωA ta zama ƙololuwar gudu.

Saura yanda ake rubuta tambayoyin, dan gaskiya su ma masu littafi da masu fitar da tambaya suna da nasu sakacin. Zaki sha ganin an ce a nemo belositi mafi girma, amsar kuma ωA ba alama, abinda ake nufi a nan girmanshi ne, wato sifid a tsakiya, kar ki tsaya jayayya da takarda ki bada ωA. In tambayar zaɓi ce irin ta JAMB ko ta farkon WAEC da NECO, aka ba ki wuri aka ce belositi, kika duba zaɓin duk fulos ne, to sifid ake nufi ki ɗauka ki wuce. In kau kika ga lamba ɗaya ta fito sau biyu, ɗaya da mainos ɗaya babu, to an ɗana tarkon da gangan, ki tsaya ki yi zanen gida huɗu kafin ki zaɓa. A tambayar rubutu kuma in an baki lokaci ki kawo alamar sannan ki fassara ta da kalmomi, in wuri kawai aka baki ki rubuta ± ki ce ya danganta da ko fita yake ko dawowa. Ni a ajina wanda ya kawo 11.1 a tambaya irin taku ina bashi makin aiki in riƙe na amsa, wanda kuma aka ce ya nemo sifid ya kawo min −11.1 shi ma haka, dan sifid mai mainos babu shi.

Ga ɗaya ki gwada da wannan x = 5 sin πt ɗin dai: nemo wuri da sifid da belositi a t = 1.25 da kuma t = 1.75, ki faɗi a wanne gudun ke ƙaruwa. In kin yi daidai duka biyun zasu baki x = −3.54 da sifid 11.1, belositi −11.1 a na farko, +11.1 a na biyu, kuma a na biyun ne gudun ke hawa. In alamunki suka fito a juye ki fara duba ko kalkuletar na kan D, in ba nan bane ki turo min aikin layi-layi in ga inda ya kauce.